Takardar da Yaya Ya Kawo

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwa?

Inna, ki daina kuka, autarki ba ta mutu ba. Ƙafar dama ce ta karye wuri biyu, an sa ƙarfe. Motar wani kamfanin siminti ce ta kwashe ni a ƙofar shagona, ina ɗauke da ɗinkin mutane. Likita ya ce sai an yi aiki na biyu kafin in sake taka keken ɗinki. Aikin da tsada, amma matar da ke gadon kusa da nawa ta haɗa ni da wata lauya, wadda ta ce inshorar kamfanin ce za ta biya, haƙƙina ne, ba roƙo ba.

Yaya kuwa sai dai Allah ya saka masa. Kullum yana nan da ledar lemo, har masu jinya suna tsokanata wai in ara musu shi. Shi ke ta zirga-zirgar takardu. Ranar da na farfaɗo ma ya kawo wata, ya ce ta asibiti ce. Shi ya riƙe mini biro, don allurar barci ba ta sake ni ba.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Ni dai ga ni nan.

Jiya lauya ta zo, fuskarta ba walwala. Masu inshora sun ƙi biya. Sun nuna mata takarda da sa hannuna, wai na amsa ni na faɗa wa mota, kuma na yafe komai. Na kalli sa hannun, a karkace kamar tafiyar kaza. Nawa ne, Inna. Takardar nan ce ta Yaya.

Sai a lokacin na gane sabon aikin da babban ɗansa ya samu a kamfanin simintin. Ni da bakina na yi masa barka daga kan gadon nan. Ashe da ƙafata aka saya masa kujera.

Da yamma ya shigo da lemonsa. Na tambaye shi, bai musa ba. Cewa ya yi ƙaddara ta riga fata, kuma yaron ya shekara huɗu yana zaune ba aikin yi. Har ya fara ɓare mini lemon. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Mutumin da ya saya mini keken farko, shi ne yau ya sauke ni daga kai.

Lauya ta ce akwai hanya ɗaya: in rantse a kotu cewa ban san abin da na sa wa hannu ba, in faɗi wanda ya kawo. Za a kira Yaya, yaron zai rasa aiki. In na yi shiru kuma, ƙafar ta ƙame haka.

Na san za ki ce naka naka ne. Ke kika koya mini ba a ce wa babba "mene ne wannan?" in ya miƙo abu, kuma ban ce ba. Yau da safe na ce wa lauya ta shigar da ƙara.

Don Allah kar ki turo kowa ya ba ni haƙuri. Ki tura su wajen Yaya, nan aka fi buƙatarsu.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta