Saiwar Inna a Cikin Kwalba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina cikin ni'ima a makwancinki.

Abokiyar aikina tana tsaye kusa da ni a ɗakin bincike, tana ta yi mini bayanin sakamakon gwaji, ina gyaɗa kai kamar ina ji. Idona yana kan wata kwalba. Saiwarki ce a ciki, Inna, kuma tana raye.

Kin tuna ɗan itacen nan mai ɗaci na bakin rafin Furana, wanda kike jiƙa wa Baba tun da likita ya ce yana da ciwon suga? Mutumin da ya tsufa yana kai rake da mazarƙwaila kasuwar Makarfi, aka ce ya bar zaƙi. Ya karɓi maganar kamar an ce ya bar gari.

Har yanzu ina ganinki a durƙushe da 'yar fartanya. Gefe ɗaya kike tonewa, ki yanki saiwa ɗaya, ki mayar da ƙasa, ki danne da diddige, ki juye sauran ruwan butarki a gindin. Sai ki ce, "A bar masa na gobe." Ni kuwa, da shekarata biyu a jami'a, na sanar da ke cewa ba a awon magani da tafin hannu. Butar kawai kika miƙo mini in riƙe.

Bayan rasuwarki gonaki suka cinye bakin rafin. Da na je neman itacen don bincikena, tushe ɗaya na samu, a matse a gefen kunyar masara. Na zo da safar hannu, da leda mai lamba, da digiri biyu. Na tumɓuke shi gaba ɗaya, domin takarda ta ce a kawo shi cikakke. Sai da mota ta wuce Makarfi na tuna da butar.

Da damina na koma. Na bi rafin sama da ƙasa, na tambayi tsofaffi har Paki. Kowa ya san shi, babu wanda ya gan shi kwanan nan. Abin da kika yi shekaru kina ɗiba bai ƙare ba, ni na ƙarar da shi da hantsi ɗaya.

Mun yayyanka saiwar, mun wanke, mun saka a kwalabe masu ruwan abinci, a kan wata na'ura da ke jijjiga su a hankali kamar ana rarrashin jariri. Kin san da me muke ciyar da ita? Da suga. Da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Fumfuna ta bi kwalaben tana ci ɗaya bayan ɗaya, har ta rage guda. Makonni na yi ina leƙa ta kamar mai jinya.

Yau fararen jijiyoyi sun cika ta, sirara kamar zaren kaɗi. Babu ƙasa, babu ganye, babu rana, babu ruwan sama. Kuma gwaji ya nuna tana yin sinadarin nan mai ɗaci, irin na uwarta ta bakin rafi. Wa ya gaya mata, Inna? Na san sunan kowane mataki da Turanci, amma wannan ban san shi ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba: ko yana sauke suga a jinin mutum, da nawa ya kamata a sha, ba mu sani ba tukuna. Baba yana nan kan ƙwayoyinsa na asibiti, yana sha yana mita.

Ɗazu abokiyar aikina ta so mu busar da saiwar duka, don awon ya fito sosai. Na yanki gefe ɗaya na ba ta. Sauran na mayar, na zuba mata sabon ruwa. Ta tambaye ni a wane littafi na karanta haka. Na ce a Furana.

Idan saiwar ta yarda ta fitar da toho, zan kai ta bakin rafinki da kaina, da buta a hannu.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya jiƙan ki, Ya yayyafa wa kabarinki rahama yadda kike yayyafa wa gindin itace ruwa.

Na cire farar riga, na sake duban kwalbar sau ɗaya, na ja ƙofa a hankali. Na tafi duba Baba.

'Yarki mai digiri biyu,
Hajara