Butar da Ta Sha Jan Tambari

Uwar yara,

Na yi sammako, ban tashe ki ba. Butar lantarkin da ke kan tebur, don Allah kada ki jona ta. Ba tsaraba ba ce.

Jiya mai gyaran wuta ya zo masaukinmu, ya gwada duk abin da ke da waya, daga dutsen guga har fankar ɗakin baƙi. Mai lafiya ya manna masa koren tambari, marar lafiya ja. Ya ce abin da ya sha ja, ma'aikaci da baƙo ba mai ƙara taɓa shi. Wannan ita ce butar da nake ba ki labari, mai kukan kurciya idan ta tafasa. Ashe ba waƙa take ba, ruwa ne ke ɗiga cikin wayarta! Har ta taɓa jan wani baƙo a yatsa.

Aka ce in kai ta bola, na kasa. Manaja ya yi dariya ya bar mini, da sharaɗin ita da wuta har abada. Ƙasa zan zuba mata in shuka na'ana'a, ta ci gaba da aikin shayinta.

Na san kina cewa, "Tsohon nan da kwashe-kwashe! Bari in gwada sau ɗaya." Shi ya sa na yanke kan wayar, yana aljihuna. Ki dafa a tukunyarki, ki rage mini.

Maigidanki