Algaitar Baba Ta Tafi Damagaram Ba Mu

Yaya Mustafa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Yaya sanyin Agadas? Mu nan Gure sai godiya.

Bukar, wanda ka damƙa wa shugabancin ƙungiyar kiɗanmu da za ka tafi, ya ci amanarmu. An gayyace mu wasa Damagaram, ya ce mota za ta tashi bayan Azahar. Muka shanya ganguna a rana fata ta ɗame, muka sa anko, muka isa tasha. Ashe tun da hantsi ya wuce da wasu samari masu piyano. Na kira shi, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Gwani, mutanen birni ba sa son kiɗan tsofaffi."

Ka san ba mu taɓa buɗe wasa ba sai an busa algaitar marigayi Baba. Da hannuna na ba shi ita ya adana a kaya. Na ga hoton a waya: sun rataye ta bayansu don ado, ba mai busawa.

Ka sa mu a addu'a, zuciyata ba daɗi. Ka gaida Inna Falmata, amma kada ka gaya mata zancen algaitar.

Ƙanenka,
Gwani