Jinin Inna a Cikin Firiza

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Tunda kin ƙi ɗaga wayata, ga takarda.

Bari in tuna miki wanda kika daka wa tsawa a gaban mutane. A aji uku na bar sakandare, na fara da firiza ɗaya da aka yar a bola, da hannuna na tashe ta. Yau ɗakin sanyi uku gare ni, injin ƙanƙara biyu, ma'aikata goma sha huɗu. Babu kawu, babu banki, babu wanda ya ce mini sannu. Shekara ashirin da shida ina harkar sanyi, ko kifi ɗaya bai taɓa wari a hannuna ba. Yau ni za a ce ban iya ajiye leda biyu ba?

Ga yadda aka yi, tunda ba ki tsaya kin ji ba. Kin ba ni jinin Inna leda biyu daga ma'ajiyar jinin da kike aiki, a cikin kula, kika ce in kai asibiti. Na kai. Nas ta ce an ɗage aikin zuwa washegari. Na leƙa firijin ɗakin da take kwance, robar ƙofa ta saki, har da kwanon abincin wani a ciki. A nan zan bar jinin uwata? Na ɗauko na sa a firizata mafi ƙarfi. Da safe na mayar da shi, ya daskare tsaf kamar bulo. Wani mai farar riga ya taɓa, ya yi salati, ya jefa a jan bokiti. Ke kuma kika iso kina cewa na kashe Inna.

Ki sa su ciro shi su narkar. Kwana biyar ke nan tsohuwar nan tana kwance da karyayyen ƙugu.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Tsawar da na yi maka ban kyauta ba, ka yi haƙuri. Amma jinin nan ba zai ciru ba.

Yaya, jini ba kifi ba ne. Tsakanin digiri biyu da shida muke ajiye shi, kada ya yi ɗumi, kada ya daskare. In ya daskare, jajayen ƙwayoyin da ke ciki fashewa suke yi. Da an narkar an ƙara wa Inna, ƙodarta ce za ta fara tsayawa. Mai farar rigar nan da ya jefar da shi ya ceci uwarka.

Jinin Inna O nagetif ne, sai ka duba mutane da yawa kafin ka sami ɗaya. Leda biyun nan su kaɗai muke da su. Ɗaya ta wani direba ce da ya bar layinsa ya zo, ɗaya ta wata malamar makaranta. An gwada kowace don ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, da tunjere, an haɗa da jinin Inna an ga sun dace. Ba za su sake bayarwa ba sai bayan wata uku. Likita kuma ya ce ba zai taɓa ta ba sai da jini a ajiye, kuma kwanciyar nan ta fara ci mata baya.

Tana tambayar dalilin jinkiri. Na ce mata likita ne.

Allah ya huci zuciyarka.
Ƙanwarka

Auta,

Ina gaisuwa. Na karanta. Da kin faɗa mini biyu da shida ɗin nan ranar da kika miƙo kula, da bakin nan naki da ba ya gajiya, da ba a yi haka ba. Sai a riƙa ɓoye wa mutum abu, in ya yi kuskure a taru a kansa.

Na je ma'ajiyar taku. Suka ɗora ni a sikeli kamar buhu, suka soke mini yatsa, wata ta zaunar da ni tana tambayata ko ina bin mata. Ni! Bayan duk wannan aka ce nawa B ne, bai yi wa Inna ba. Na ce to ku ɗiba dai, tunda na riga na kwanta.

Jiya na rufe shago, abin da ban yi ba ko ranar aurena. Na loda ma'aikatana da masu sarin kifi, mutum arba'in da ɗaya, sawu uku. Gadajenku huɗu kacal, har la'asar muna layi. Mai gadina, ƙato guda, ya ga allura ya sulale ƙasa. An sami uku masu irin na Inna. Ɗaya cikinsu matar nan ce mai sarin kifi da na kora bara kan ta ce sikelina na cuta. Tana kwance ana ɗiba tana ce mini, "Mai Ƙanƙara, wannan karon dai ba da sikelinka za a auna ba."

Sun ce sai an gama gwaji. Ke kuma ina kike? Wata na gani a teburinki, na tambaya, kowa ya sunkuyar da kai.

Yayanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Leda biyu sun tsallake gwaji. An yi wa Inna aiki yau da safe, ta farka, ta nemi carbinta, ta ce ka kawo mata matashinta na gida.

An dakatar da ni, shi ya sa ba ka gan ni ba. A ƙa'ida ɗan aikenmu ne ke kai jini, ba dangi ba. Na ba ka ne saboda ka tsaya mini a ka kana cewa motarka ta fi babur ɗinsa. A rahoto na rubuta cewa a hannuna jinin ya lalace. Ban sa ka ba, don kada masu ajiya a wurinka su ji. Kwamiti zai zauna Litinin. Don Allah kada ka zo.

Ka gaida gida.
Ƙanwarka

Zuwa ga Shugaban Ma'ajiyar Jini,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Rahoton ƙanwata da ke gabanka ƙarya ne, kuma abin kunya ne a ce mutum biyar masu digiri za su zauna a kansa ba wanda ya tambayi inda ta sami firiza. Ƙanwata ko ta ruwan sanyi ba ta da ita.

Ni na matsa mata ta ba ni. Ni na ɗauke jinin daga asibiti ba da sanin kowa ba. Ni na daskarar da shi, a firizata ta biyu daga ƙofa, ku aiko a duba. Ban taɓa barin wani ya ɗauki kayana ba, ba kuma zan fara da autar gidanmu ba.

A goge sunanta, a rubuta nawa, cikakke, kamar yadda yake a hatimin da ke ƙasa, har da na mahaifina. Zan zo Litinin ƙarfe takwas in ga an rubuta da idona.

Na gode, a huta lafiya.
Mai Ƙanƙara