Hula Ta Uku

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya ɗinki, ya takwararki? Ki ce mata Babanta yana gaishe ta.

Wata bukata ce ta taso. Manaja yana son ki ɗinka mini sabuwar hular rufe fuska, koriya, kafin babban wasan kokawar zamani da za a nuna a talabijin. Kin san yadda aikinmu yake, tun a ɗakin sa kaya ake yanke wanda zai yi nasara. Ina sa jar hula a kayar da ni a wasan farko, in koma in sa baƙa a sake kayar da ni, 'yan kallo suna zaton mutum biyu ne. Yanzu an kawo wani sabo, Guguwa, ƙirji kamar ƙofa, amma ko faɗuwa bai iya ba. Shi ake son ɗagawa, ni kuma zan faɗi a hannunsa. Manaja ya ce babu mai faɗuwa da kyau irina.

Ki sa yadi mai shan zufa. Na gode.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Muna lafiya. Saƙonka ya iso, na karanta har sai da na taka keken ɗinki babu zare don haushi.

Wato yabon da ka samu ke nan bayan shekarun nan duka, ka iya faɗuwa? Kai da kake juyawa a sama daga kan igiya ka dira kamar kyanwa! Takwara takan zauna gaban talabijin ta ce, "Gwaggo, wanne ne Baba, ja ko baƙi?" In ce duka biyun. Rannan ta dube ni ta ce, "To me ya sa kullum shi ne a ƙasa, kuma me ya yi yake ɓuya?" Sai na ce ta je ta ɗauko mini almakashi.

Ga koriyar nan na aiko, ita ce ta ƙarshe da za ta fita daga hannuna. Ban sa mata igiya a ƙeya ba, maɓalli ɗaya na sa. Mai niyyar cirewa ba zai sha wahala ba.

Allah ya tsare.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga hula, na kuma ga maɓalli, ba sai an fassara mini ba.

Kina ganin tsoro ne. Wallahi in na ga dama, kafin Guguwa ya gama gyara tsayuwa na naɗe shi. Amma idan na ɗaga mutum sama, wuyansa ya ba ni amana, ni ma haka nake ba shi nawa. Wanda ya sauya ƙarshen wasa a kan dandali, babu mai sake yarda ya ɗaga shi. Ba zan yi wannan ba ko don ke.

Na dai shiga ofishin Manaja na ce ya ba ni wasa ɗaya da fuskata. Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Fuskarka ba ta sayar da tikiti, bayanka ne ke sayarwa." Na juya na fito.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Na san kun gani, amma akwai abin da talabijin ba ta ɗauka ba.

Muna shiga Guguwa ya rikice, duk abin da muka shirya ya bi iska. Na riƙe shi kamar ina shaƙe shi, ina raɗa masa, "Jefa ni kan igiya. Yanzu ɗaga ƙafa. Kar ka ji tsoro, ni zan juya." Haka na yi ta tuƙa shi har ya ɗaga ni ya maka da ƙasa, alƙalin wasa ya ƙirga uku. Na ba su ƙarshensu cif, ban rage komai ba.

Ina kwance sai na ji mai sanarwa yana cewa, "A tafa wa mai koriyar hula, sabon shiga ne, yau ya fara!" Yaya, sabon shiga. Ni da babu gefen dandalin nan da bai san ƙashin bayana ba.

Na miƙe. Dama jar hular da baƙar suna cikin takalmina, na sa su ne ban gama yanke shawara ba. Na zaro su na ɗaga sama, sannan na kai hannu ƙeya. Maɓallinki bai yi gardama ba. Can wani tsoho a layin gaba ya miƙe ya ce, "Kai! Ashe duk shi ne!" Sai ihu ya ɓarke. Guguwa da kansa ya kama hannuna ya ɗaga.

Manaja ya tare ni a bakin ɗakin sa kaya yana kumfar baki, wai na kashe masa 'yan wasa uku a tashi ɗaya. Ya ce in kwashe kayana. Na ce ai ba su da yawa, huluna kuma na bar masa, ya nemi wanda zai cika su.

Ba ni da aiki yanzu, ban kuma san ko wani zai kira ba. Amma ban yi nadama ba ko kaɗan. Ki gaya mini abin da takwara ta ce.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Sannu da aiki. Takwara ba ta ce mini komai ba. Fita ta yi da gudu babu takalmi, tana buga ƙofar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana cewa su zo su ga Babanta.

Akwai sauran koren yadi. Aiko mini da awonka in ɗinka maka wandon kokawa.

Yayarka.