Hannun Kawu Shehu

Talata Mafara, Satumba 2021

Yaya Tijjani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Suwaiba da yara, da fatan aikin sakatariya da sauƙi. Tun da aka katse layin waya ba mu ji ɗuriyarku ba, shi ya sa na ba Gajere direba wannan takarda.

Shago lafiya. Aikin intanet dai ya mutu murus, amma buga takardu ya tashi. Mutanen Morai da Jangebe suna zuwa a buga musu wasiƙa zuwa ga 'yan uwa, kamar zamanin da marigayi Baba ya buɗe wurin. Kawu Shehu ba ya barin kujerarsa sai salla.

Matsalar ita ce kibod ɗin kwamfuta ya sake mutuwa. Ka san hannun Kawu. A kan tafireta ya koyi aiki, har yau dukan madannai yake kamar mai sussukar dawa. Na daina ƙirga nawa ya kashe bana. Kafin su mutu kuma sai aikin ya riƙa fita da giɓin haruffa, mai takarda ya dawo da ita yana mita.

Ishaq mai kawo mana kaya daga Sakkwato ya nuna mini iri biyu. Akwai na robar da muka saba, mai araha. Akwai kuma wani mai nauyi, gindinsa ƙarfe, kowane madanni da ɗan ƙarfe mai tsalle a ƙarƙashinsa, in ka danna ya ce ƙas. Wai yana shekaru, in madanni ɗaya ya lalace a cire shi kaɗai a canja. Kuɗinsa zai sayi tulin na roba. Tunda shagon namu ne mu biyu, wanne zan karɓa?

Ƙanwarka,
Hanifa

*

Maradun

Hanifa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah. Suwaiba tana gaishe ki.

Game da batun kibod, ki sayi mai araha. Na lura ke kina amfani da naki tun bara bai yi komai ba, saboda haka laifin ba na kibod ba ne, na hannu ne. Ba a sayen tukunyar ƙarfe don kawai mai dafuwa yana fasa ta ƙasa.

Lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya. Kawu ya tsufa, aikinsa ya fara kore mana mutane. Ya kamata ya huta, a samo wanda ya koyi kwamfuta tun farko. Abin da yake samu a wata ba za a yanke masa ba, ni na ɗauka. Ki nemi hanyar gaya masa cikin ladabi, kin fi ni iya wannan.

Wassalam,
Tijjani

*

Bakura

Zuwa ga ɗiyata Hanifa,

Gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙan mahaifinku. Malam Mahmud maƙwabcina ne ke rubuta wannan da bakina, don ba ni da alƙalami mai kyau a nan.

Kin dawo daga banki kin tarar ba ni, to ga dalili. Gajere ya kawo takarda shago, na ɗauka ta aiki ce. Tabarauna na gida, sai na miƙa wa wani mai jiran aiki ya karanta mini. Ya karanta da ƙarfi, benci cike da mutane. Ya iya karatu ƙwarai, ko harafi bai tsallake ba.

Ba ni da fushi da Tijjani. Na goya shi, na san ba ya zagaye. Ki gaya mashi albashin zaman banza ya riƙe abinshi, ina da gona. Ni da ubanku muka ɗauko tebur na farko na wannan shago bisa kai, ban zo don a ciyar da ni ba.

Makullina na wurin mai shayi. Akwai takardar wata tsohuwa daga Jangebe da ban gama ba, tana aika wa ɗanta Legas. Ki gama mata, kada ki karɓi komai.

Kawunki,
Shehu

*

Talata Mafara

Yaya Tijjani,

Bayan gaisuwa. Ba sai na nemi hanyar ladabi ba, takardarka ta isar da kanta, a gaban jama'a. Kawu ya koma Bakura.

Ran Juma'a na bi shi. Ya karɓe ni da fara'a, mun yi ta hirar gero da tsadar mota. Da aka kawo fura ya kai hannu ga ludayi, sai ya kama gefen tabarma. Ya sake lalube ya samu, ya ci gaba da magana kamar ba a yi ba. A madafa matarsa Inna Taibatu ta ce mini, "Ke ɗiyag ga, kullum kuna tare ba ki gani ba? Yanar ido ce ta ruhe mai gani tun bara. Ya ce in na hwaɗi, shi da ni."

Kunya ta kama ni, Yaya. Ina zaune kusa da shi kullum. Ina ji yana ce wa masu takarda su karanta da kansu, wai don su tabbatar. Na ɗauka tsari ne irin na tsofaffin ma'aikata.

Da na dawo na karɓi kibod mai nauyin nan wurin Ishaq don gwaji. Na rufe idona na buga da na roba. Wallahi ba ka sanin ya shiga ko bai shiga ba, kamar kana danna tuwo. Sai ka ƙara ƙarfi don ka tabbata. Na buga da mai nauyin, kowane harafi yana amsawa a yatsa da kunne. Kawu ya san inda kowane madanni yake tun kafin a haife mu. Ba ya ganin abin da ke fita ne, shi ya sa yake duka.

Na saya. Wannan karon ba shawara nake nema ba, sanarwa ce. Na aika masa da shi Bakura a kwalinsa, ban haɗa da wata magana ba, sai cewa ya duba mana ko yana da kyau. Shagon ba ya tafiya ba shi. Jiya wani dattijo ya leƙo, ya ga ni ce a kujera, ya ce zai dawo.

Ƙanwarka,
Hanifa

*

Maradun

Hanifa,

Na karanta takardarki, na sake karantawa. Ban ji daɗin kaina ba.

Duk da haka kibod ba ya maganin ido. Ko da zai buga daidai, wa zai duba masa? In ya dawo aka ci gaba da samun giɓi, mun yi asara biyu, kuma za a sake wata maganar da ta fi ta farko ciwo. Na yi tambaya, an ce ana cire yana a Sakkwato, kuma ba aiki ne mai wuya ba. Zan kai shi da kaina in zai yarda. Ban san yadda zan fara ce masa ba. In ya ƙi amsa gaisuwata ma ba zan ga laifinsa ba.

Ya ce wani abu game da kibod ɗin?

Yayanki,
Tijjani

*

Talata Mafara

Yaya,

A gurguje, Gajere na jira. Kawu bai aiko da komai ba. Inna Taibatu ce ta aiko cewa ya ɗora abin bisa turmi a tsakar gida, ba kwamfuta ba wuta, yana ta ƙas-ƙas tun hantsi har kaji sun ƙaurace wa gidan. Ta ce in zo in ɗauke kayana, ko in ɗauke su duka biyu, shi da kayan.

Hanifa

*

Talata Mafara

Tijjani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali.

Wannan takarda ni na buga ta, a kujerata, da sabon abin da ƙanwarka ta saya. Yana da kyau. Na ba shi iya ƙarfina bai koka ba, daga baya ma na ga ba ya bukatar ƙarfin.

Maganar Sakkwato ta iso ni. Wadda ta tona ni na san ta, muna kwana gida ɗaya. Ka zo in aiki ya yi sauƙi, mu tafi.

Ban ba kowa ya duba wannan ba, har Hanifa. Kai ne mai ido, ka duba. In ka sami giɓi ko ɗaya, ka aiko Gajere ya karɓi makulli.

Kawunka,
Shehu