Bindigar da Na Karɓar wa Bukar

Zuwa ga Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san ba a kai wa mamaci takarda, amma maganar nan ta fi ƙarfin cikina, kuma ke ce mai haƙƙin jin ta.

Ɗanki Bukar yana wurina, a ƙauyenmu kusa da Auyo. Ba ki rayu kin ga dawowarsa ba. Mutanen daji sun fizge shi daga hannunki a bakin Tafkin Chadi tun bai fara azumi ba, suka rataya masa bindiga. Da sojoji suka sako shi aka kawo mini, ko gemu bai fara ba, amma idonsa na tsoho ne.

Garin nan bai karɓe shi ba, Yaya. A sahun masallaci sai a bar tazara tsakaninsa da na kusa. In ya wuce, mata su janye 'ya'yansu. Shi kuwa ya kama kwale-kwale, yana fiton manoma zuwa fadama, yana sare ciyawar kacala da ke toshe hanyar ruwa. Bana har na jiyo shi yana waƙa a tsakiyar kogi da wata murya kamar ta kwaɗo, na yi ta yi masa tsiya yana dariya.

Sai ɓarayi suka addabe mu. Yau a kwance injin ban-ruwa, gobe a kwashe shinkafar da aka yanke. Ranar Juma'a Sarkin Noma da dattawa suka yi sallama a ƙofata, mutanen da suka daina shan ruwan gidana. Suka ce in ba su Bukar ya shiga 'yan sintiri, tunda ya san kan bindiga, kuma ɓarawo na jin sunansa zai shiga taitayinsa.

Daɗi na ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kaina ya kumbura don manya sun zauna a tabarmata. Na ce na ba su, na karɓi bindigar da suka kawo masa hannu biyu kamar an miƙo mini rawani.

Da Bukar ya dawo daga kogi na ba shi ita. Ya ɓalle ta, ya duba, ya mayar, duk bai kalli hannunsa ba. Sannan ya ce, "Kawu, can ma haka aka yi. Manya suka zauna suka gama magana, aka miƙo mini."

Kin sha ce mini, "Kai dai Modu, in aka yabe ka ko wandonka sai ka bayar." Ashe ban canza ba. Wannan karon ɗanki na bayar, kuma kunyar ta hana ni haɗa ido da kowa.

Na mayar musu da bindigarsu. Sarkin Noma bai amsa sallamata ba, wannan bai dame ni ba. Abin da ke cin raina shi ne Bukar ya naɗe tabarmarsa ya koma rumfar masunta a bakin kogi. In mun haɗu sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe." Haka ake gaida wanda ake tsoro.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Allah ya sanyaya zuciyar yaron nan, ko da ba ta hannuna ba.

Ƙaninki mai jin kunyarki,
Modu